Ranar da Verna Ba Ta Dubi Yamma Ba

Sunan garin Ruby, wato jan yakutu, amma tun da aka kafa shi ba a taɓa tsintar yakutu ko mai girman ƙwayar gero a cikinsa ba. Mutum casa'in ne da 'yan kai, titi ɗaya mai kwalta, coci ɗaya, da layin dogon da jirgi ya daina tsayawa a kansa tun kafin a haifi yawancinmu. Wasu sun ce mai awon layin dogon ne ya sa wa wurin sunan 'yarsa, wasu sun ce sunan alfadararsa ne. Ko wanne ne, ba ruwan dutse mai daraja a ciki. Amma je ka gaya wa mutumin da ya ga sunan a taswira, ya baro babban titi, ya yi mil talatin cikin hamada yana lissafin arziki.

A nan aka haifi Verna Tibbets, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta bayan babbar motar da yake tuƙawa ta kife da shi. 'Yarta ɗaya tana birnin Reno, tana kiran waya ranar Lahadi in ta tuna. Shekara talatin da huɗu Verna tana riƙe da kantin garin: famfon mai biyu a waje, teburin wasiƙu a kusurwa, tukunyar kofi da ba ta hucewa, da kek ɗin tuffa da take gasawa kowace safiya. Gajera ce kakkaura, muryarta kamar ta namiji saboda tabar da ta bari a makare. Ba muguwa ba ce. Ita ke kai wa tsofaffi magani in dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ita ke wanke gawar wanda ba shi da kowa. Sai dai ta gaji wata al'ada ta banza, kamar yadda duk garin ya gada, kuma ta fi kowa iya ta.

Ga al'adar. Duk shekara bayan bikin Ista, sai a tattaro jan gilashi: fasassun fitilun bayan mota, tsofaffin kofuna, kwalaben turare. A farfasa su, a zuba a injin kwaɓa siminti tare da yashi da ruwa, a bar shi yana juyi kwana uku har kaifin ya mutu, su fito sumul kamar alewa. Daga nan maza su ɗauka a bokiti su je su watsa a Kwazazzabon Alfadari, wani busasshen rafi mai nisan mil uku yamma da gari. Baƙo ya zo yana tambayar inda ake samun yakutu, sai a tura shi can. Ya dawo da yamma hannu cike da fasasshiyar fitilar mota yana rawar jiki, ya sha mai, ya ci kek, tsofaffin da ke teburin bakin taga su yi ta danne dariya har ya tafi. Manyan mutane da furfura, shekara da shekaru, wannan ne abin nishaɗinsu. Wai ba wanda ake cuta.

Doka ɗaya ce a cikin wasan, kowa ya san ta, ba a kuma taɓa rubuta ta ba: daga Yuli zuwa Satumba, kafin ka tura mutum kwazazzabo, ka fita ƙofa ka dubi yamma. In akwai baƙin hadari a kan duwatsun, ka ce masa hanya ta lalace. Domin ruwan da ya sauka a can, mil goma sha biyar daga gari, ta kwazazzabon nan yake bi, ko da a Ruby rana na ƙona ƙeya. Verna tana da shekara goma sha biyu ta ga shanu goma sha bakwai sun fito ta bakinsa ƙafafu a sama.

Ranar Talata ce cikin Agusta, wajen ƙarfe ɗaya na rana. Firjin kanti ya lalace tun safe, Verna tana durƙushe tana kwashe nama tana zagin wanda ya ƙera shi, sai ga wata tsohuwar mota mai lambar jihar Ohio, can gabas, ta tsaya. Wani dogon tsoho ya fito, ya zagaya ya buɗe wa matarsa ƙofa, ya miƙa mata sandar dogarawa. Suka shigo a hankali, yana riƙe da gwiwar hannunta.

A teburin taga akwai Dub Rasco, makiyayin shanu ɗan shekara saba'in, wanda ya yi makaranta da mijin Verna, da wasu tsofaffi biyu. Dub ya tura hularsa baya ya ce ƙasa-ƙasa, "Verna, ga kasuwa ta zo. Tashi ki wanke hannu."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Kofi uku ka sha tun safe, ko firjin nan ba ka taya ni ja ba."

Tsohon ya cire hula ya ce sunansa Orval Pruitt, wannan matarsa ce Mavis. Yana magana da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi. Ya ce gobe aurensu ke cika shekara arba'in, kuma kowa ya san kyautar shekara arba'in yakutu ce. Shi bai so ya shiga shago ya nuna da yatsa ba. So yake ya tsinto mata da hannunsa, a garin da ke da sunan.

Mavis ta ce, "Kwana huɗu muna tafe. Na ce masa zoben da nake da shi ya ishe ni, ya ƙi ji. Dama ba ya ji."

"Me kika ce?"

"Na ce kana da kyau!"

Teburin taga ya kwashe da dariya. Verna ma ta yi. Kuma a nan ne ya kamata ta ce musu babu komai a garin nan sai ƙura. Amma idanu shida na kanta suna jiran wasa, ita kuma shekara talatin da huɗu ba ta taɓa ba su kunya ba. Ta share hannu a rigar aiki, ta jingina da teburin ciniki, ta rage murya kamar mai tona asiri.

"Baba, ba kowa muke gaya wa ba. Ka bi titin nan yamma, mil uku, za ka ga hanyar ƙasa ta gangara hannun dama. Ka shiga da motar har cikin yashin. Na bakin wurin ƙanana ne, yara sun tsince. Ka taka ka wuce inda bangon ya matse, muna ce masa Maƙogwaro. Manyan suna can."

Ta zana masa taswira a bayan takardar goge baki. Ta naɗe musu kek yanka biyu. Suka fita, ta koma ta durƙusa gaban firjinta. Ƙofar kantin gabas take kallo. Taku goma ne daga inda take zuwa gefen ginin da ake hango duwatsu, ba ta yi su ba. Dub ma bai yi ba, sauran biyun ma ba su yi ba, ko da yake daga baya kowannensu ya rantse shi ya ɗauka wani ya duba.

Sai ƙarfe biyu da rabi ta ɗauki bokitin ruwan da ya narke daga firji ta zagaya baya don ta zubar. Ta ɗaga kai. Sama a kan gari shuɗiya ce tas. A kan duwatsun yamma kuwa akwai wani baƙin abu zaune kamar an kifa tukunya, ƙarƙashinsa ruwa na zuba kamar labule, walƙiya na yawo a ciki ba sauti. Ba yanzu ya fara ba. Verna ta san hadarin da ya fara da wanda ya yi nisa.

Bokitin ya faɗi a kan ƙafarta ba ta ji ba. Ta shigo da gudu.

"Dub! Dutse ya yi baƙi! Suna ciki!"

Dub ya ajiye kofi a hankali. Fuskarsa ta koma kalar toka. "Tun yaushe?"

"Ina na sani! Je ka ɗauko motarka mai igiya." Ta nuna ɗaya daga cikin sauran tsofaffin. "Maza! Kai kuma kira 'yan kwana-kwana. Ku tashi mana, kuna kallona kamar shanu!"

Ta faɗa akori-kurarta ta bar kantin a buɗe. Mil uku ne, ta yi ta bin hanyar nan tun tana yarinya, amma ranar sai ta ƙi ƙarewa. Hannuwanta na zamewa a sitiyari. Tana ta lissafi a ranta: in ruwan ya fara ƙarfe ɗaya da rabi, awa guda yake ɗauka ya iso, wani lokaci bai kai ba. Kowane lissafi ta yi, amsa ɗaya yake ba ta. Ta kama kanta tana cewa da ƙarfi, "Ya Ubangiji, ka sa tayarsu ta fashe. Ka sa sun ɓata hanya. Ka sa tsohon nan bai iya karanta taswira ba."

Ya iya. Motar Ohio na nan tsakiyar yashin kwazazzabo, daidai inda ta ce ya ajiye. Mavis na zaune gefenta a kujerar naɗewa, cikin inuwar bango, tana cin kek.

Verna ta bar motarta a kan gaɓa ta gangaro tana zamewa. "Mama, tashi! Tashi mu hau sama, ruwa na zuwa!"

Mavis ta dubi sama mai haske, ta dubi busasshen yashi, ta dubi Verna. "Wane ruwa, 'yar nan?"

"Ina mijinki?"

"Ya shiga ciki, inda kika ce. Ya ce in jira."

Sai iska ta huro daga cikin kwazazzabon, mai sanyi, mai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan iskar ita ke riga ruwan zuwa. Verna ta rungumo tsohuwar ta baya ta ja ta, sandar ta faɗi, takalmi ɗaya ya fita, Mavis na dukan hannunta tana ihu, "Sake ni! Orval! Ba zan tafi ba shi ba! Mahaukaciya ce ke?" Haka ta ja ta har kan gaɓa kamar buhun dankali, ta zaunar da ita jikin tayar akori-kura.

"In kika motsa daga nan kin mutu. Kin ji ni?"

Ta cikin yashin ba za ta bi shi ba, wannan kashe kai ne. Ta bi ta saman bangon, mace 'yar shekara sittin da ɗaya mai huhun taba, tana gudu cikin ƙaya da duwatsu tana leƙa ƙasa. Bangon na ƙara tsawo, tsakanin na ƙara matsewa. Ƙirjinta kamar an zuba garwashi. A Maƙogwaro ta hango shi, can ƙasa, zurfin bene mai hawa uku, durƙushe yana tona yashi da cokali.

"Baba! Orval! Hau sama!"

Ko gezau. Ta ɗauki dutse ta jefa, ya faɗi nesa. Na biyu ya faɗi gabansa. Ya ɗago, ya kare ido da hannu, ya gane ta. Ya yi murmushi har kunne. Ya ɗaga wani jan abu tsakanin yatsu biyu yana nuna mata, yana gyaɗa kai, wai na gode.

"Kwalba ce! Ƙarya muke yi! Jefar ka hau!" Ta nuna masa can cikin kwazazzabon inda ruwan zai fito, ta nuna wani tudun dutse da ya fito daga jikin bango, ta yi ta daka tsalle tana kaɗa hannu. Shi kuwa ya kama kunne yana girgiza kai yana dariya.

Daga nan ta ji shi. Kamar jirgin ƙasa mai kaya a nesa, sai dai jirgi ba ya bi ta nan. Ƙananan tsakuwa suka fara gangarowa daga bango da kansu. Orval bai ji da kunne ba, ta gwiwoyinsa ya ji. Murmushin ya tafi. Ya juya ya kalli inda take nunawa, ya miƙe, ya nufi tudun da irin gudun tsofaffi da ba ya sauri. Ya kama, ya zame. Ya sake kamawa. Verna ta cusa yatsunta a baki tana cizo. Ya ɗora ciki a kan tudun, yana jan ƙafafunsa, sai abin ya shawo kwana.

Ba ya kama da ruwa. Bango ne na laka da gungume da saiwoyi, tsawonsa ya fi mutum, yana tafe yana niƙa duwatsu. Ƙararsa ta cika wurin har Verna ba ta jin ihun kanta. Ya wuce ƙarƙashin tudun, ya tashi, ya kai gwiwar tsohon, ya kai ƙugunsa. Orval ya cusa hannu a wata tsaga ya manne da bango. Wani gungume ya juyo ya daki ƙafarsa, ta ga bakinsa ya buɗe, ta ga bai saki ba. Ba abin da za ta iya yi. Ta kwanta rub da ciki a bakin bangon tana kallonsa, tana ƙirga yatsun da suka rage a tsagar.

Ba ta san minti nawa ba ne kafin ta ji ƙarar inji a bayanta. Dub ne, ya biyo ta saman gaɓa da motarsa yana tattake ƙaya. Ya sauko da igiyar kama maruƙa a kafaɗa, ya leƙa, ya ce, "Wayyo Allah."

"Kar ka tsaya kiran Allah, jefa!"

"Shekara goma rabona da jefa igiya, Verna."

"Kullum kana cika mana baki a teburi! Jefa!"

Ya ɗaure ƙarshen a ƙugiyar injin jan kaya da ke gaban motar. Ya kaɗa, ya jefa. Iska ta ɗauke. Ya janyo. Na biyu ya faɗa ruwa, laka ta kusa fizge igiyar, sai da su biyu suka ja. Ruwan ya kai ƙirjin tsohon, kansa ya fara langaɓewa. Dub ya tofa yawu a tafi, ya ce, "Riƙe mini bel ta baya, in na tafi kin tafi." Ta riƙe. Ya leƙa har rabin jikinsa na kan iska, ya saki igiyar a hankali ba kaɗawa. Zoben bakin igiyar ya sauka a kan Orval, ya tsaya a kafaɗa ɗaya. In ya tsaya a wuya sun rataye shi. Verna ta ga tsohon ya saki hannu ɗaya daga tsagar, ya cusa shi cikin zoben. Dub ya fizga.

Injin ya ja tsohon sama yana gurzar bango, kamar naman da aka rataya. Da ya iso suka kama rigarsa suka kwantar. Ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Leɓunansa shuɗaye. Yana numfashi, amma kowane ja sai an ji wani abu na ƙara a ƙirjinsa, kuma bai buɗe ido ba.

Dub ya je ya ɗauko Mavis. Ta zauna a ƙasa da takalmi ɗaya, ta ɗora kan mijinta a cinya, tana share masa laka daga kunne da gefen rigarta. Motarsu ta riga ta tafi, sai bayan kwana biyu aka same ta mil biyu ƙasa, cike da yashi har rufi. Suna jiran jirgi mai saukar ungulu da 'yan kwana-kwana suka kira, ba ta ɗago ba ta ce, "Kin san ruwa na bi ta nan?"

Dub ya yi saurin cewa, "Madam, abu ne na Allah, ba wanda..."

Verna ta ce, "Yi shiru, Dub." Ta gaya mata duka. Injin siminti, fitilun mota, teburin taga, taku goman da ba ta yi ba. Mavis ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Matsa daga kansa, kina tare masa iska."

Jirgin ya tafi da su asibitin birni. Washegari teburin taga ya cika, har da waɗanda ba sa zuwa. Ka ji manya: wai tsoho kurma me ya kai shi rami, wai mutanen gabas ba su san sama ba, wai ai da can akwai allon gargaɗi iska ce ta kayar. Wani har da cewa bai kamata Verna ta yi surutu ba, yanzu lauyoyi za su zo su ɓata wa gari suna. Suna! Garin da ya shekara hamsin yana wa baƙi dariya da fasasshiyar kwalba. Verna ta ɗauke tukunyar kofi daga wuta ta juye a kwata a gabansu, ta ce kowa ya fita. Dub kaɗai ta bari, shi ma don bai ce uffan ba, yana zaune yana kallon tafin hannunsa da igiya ta saɓule.

Kwana uku ba labari. Ta kira asibiti, aka ce ba a ba da bayani sai ga dangi. Ba ta gasa kek ba. Abinci ya ƙi shiga. Duk motar da ta rage gudu a waje sai ta ɗauka ɗan sanda ne ya zo gaya mata. Ba kamun take tsoro ba. Tsoronta a ce mata ta kashe mutumin da ya cire mata hula.

Ranar Juma'a da hantsi wayar kanti ta yi ƙara. Ta tsaya tana kallonta har ta yi ƙara sau shida. Dub ya ce, "In ɗauka?" Ta girgiza kai, ta ɗauka da hannu biyu.

"Mai kanti ce?" Muryar Mavis ce, a shaƙe.

"Ni ce, Mama."

"Ya farka jiya. Haƙarƙari biyar, da ƙafar. Sun ce ƙafar ba za ta koma daidai ba, amma zai taka. Yau ya sha romo, ya ce ba gishiri."

Verna ta zame ta zauna a ƙasa bayan teburin ciniki, wayar a kunne. Da ƙyar ta ce, "Zan zo. Yau ɗin nan zan rufe in taho, in kawo muku kaya, in..."

"Kar ki zo."

"Mama, don Allah."

"Na ce kar ki zo. Shi ya ce in kira ki, wai kin yi gudu saboda shi, a gaya miki ki samu ki ci abinci. Na kira. Ni ban yafe ba, ban kuma san ranar ba." Ana jin ƙarar keken marasa lafiya a bayanta. "Ki gaida mai igiyar."

Ta ajiye. Verna ta daɗe a zaune a ƙasa. Dub ya leƙo ta saman teburin.

Ta ce, "Yana da rai. Miƙo mini burodin can."